Karatun likita da jinyar iyaye: a daina ɗora wa yaro ɗaya kaya biyu

Ina gaida mutanenmu na Toranke, da na Balare, Chula, Gafasa, Dundun, Kunkurawa da cikin garin Ajingi. Ina gaida 'yan uwanmu na Gaya, da waɗanda neman abinci ya kai su Kano, Abuja ko Legas amma kunnensu na gida. Waɗanda data ta yi wa tsada kuma, kamar kullum, za a sa muku shirin a rubuce.

Yau maganarmu a kan wasu yara ne da ba a cika jin muryarsu ba. Su ne ɗaliban da Allah ya ba su gurbin karatun likita, kuma a daidai wannan lokacin uwa ko uba yana kwance da ciwon da ba ya tafiya. Hawan jinin da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙoda. Ni ba likita ba ne, wani fannin daban na karanta. Amma aikin da muke yi da matasa ya sa na zauna da irin waɗannan yaran, na kuma zauna da iyayensu da yayyensu. Abin da na fahimta shi ne, yawancinsu ba ƙwaƙwalwa ce ke gaza musu ba. Tsarin gida ne ke gaza musu. Mukan ɗauki jinyar da ta kamata dangi su raba, mu ɗora wa mutum ɗaya, sannan mu ce masa ya je ya ci jarrabawa mafi wuya a jami'a.

Bari mu fara da shi kansa karatun, don da yawa daga iyayenmu ba su san yadda yake ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Kafin yaro ya samu gurbin likitanci, sai ya ci darussa biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku. Sai ya zauna JAMB, wadda makinta 400 ne, kuma ya samu maki mai yawan gaske, domin masu nema sun ninninka guraben da ake da su. Ga ɗan ƙauye da ya yi sakandare inda ɗakin gwaje-gwaje sai dai a ji sunansa, wannan kaɗai ba ƙaramin yaƙi ba ne. To idan ya samu, a Jami'ar Bayero ne, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ta tarayya da ke nan Dutse kusa da mu, shekara shida ce a gabansa. Shekara shida fa idan ba a yi yajin aiki ba. Kun dai tuna 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba jami'o'i na rufe, wata takwas cur. Bayan ya gama kuma akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, akwai shekara guda ta bautar ƙasa.

Kuma karatun ba irin na sauranmu ba ne. Mu da muka yi wasu fannoni, idan ka faɗi darasi ɗaya ka ɗauke shi ka wuce da shi aji na gaba. Su ba haka ba ne. Akwai manyan jarrabawa da idan ka faɗi, a ba ka dama ka sake, ka kuma faɗi ka maimaita shekara, ka ƙara faɗuwa a sallame ka daga fannin gaba ɗaya. Makin ci a wurinsu 50 ne cikin 100. Ana ɗaukar sunan wanda ya zo aji da wanda bai zo ba, idan zuwanka bai kai ƙa'ida ba ko zauren jarrabawar ba za ka shiga ba. Daga aji huɗu kuma sun koma asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ga 'yan Bayero. Da safe zagayen marasa lafiya, da rana aji, wani lokacin a kwana a asibiti. Wannan ba karatun da za a ce maka ari littafin abokinka ka kwafa ba ne. Majinyacin da ba ka gani da idonka ba, ba ka gan shi ba.

Yauwa. Yanzu mu juyo ɗaya ɓangaren, ita jinyar.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san abin da nake faɗa. Mutum ne da sai an tayar da shi, an zaunar da shi, an ba shi abinci a baki, an kai shi bayi, an yi masa wanka. Idan ba ya iya motsi da kansa, ma'aikatan lafiya na cewa a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Dare da rana ke nan. Ga gashin ƙashi da motsa jiki da ake so a riƙa kai shi. Mai ciwon sukari kuma ga awon jini, ga kula da abin da zai ci, ga allurar insulin ga wanda aka ɗora a kai, wadda ba ta son zafi, a garin da wutar lantarki sai an gan ta. Shi ya sa za ka ga wasu na ajiye ta a cikin tukunyar ƙasa mai sanyi kusa da randa. Mai ciwon ƙoda da ya kai matakin wanki, sau biyu ko uku a mako ake so a ɗora shi a na'ura, kowane zama kusan awa huɗu. Daga nan Toranke sai an fito Gaya, an tsallake gadar Wudil, an shiga Kano ta Mariri. Ku lissafa kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ku lissafa kuɗin wankin, ku lissafa na magani da na gwaji. Gidaje nawa muka sani da sai da aka kai sa kasuwar Wudil ranar Juma'a, bayan sa aka koma kan gona?

To ku haɗa waɗannan biyun a kan mutum ɗaya, ɗan shekara ashirin ko ashirin da biyu. Kun gane inda matsalar take?

Akwai wani abu da muke yi a garuruwanmu cikin ƙauna, amma yana cutarwa. Ranar da aka ce yaro ya samu likitanci, ranar sunansa ya koma Dakta. Tun bai sayi farar riga ba. Kuma daga ranar, duk wani abu da ya shafi asibiti a gidan ya zama nasa. Baba ya tashi da jiri, a kira Dakta. Magani ya ƙare, a kira Dakta. Ranar ganin likita ta zo, ai Dakta ne ya san kan asibiti, shi yake jin Turancinsu, shi zai raka. Alhali yaron da ke aji biyu ko uku sassan jikin mutum yake haddacewa da yadda suke aiki, ko majinyaci ɗaya ba a ba shi ya duba ba. Ba shi da izinin rubuta magani, kuma bai kamata ya rubuta ba. Amma kunya ba za ta bar shi ya ce ban sani ba tukuna. Sai ya ɗauka. Yayyensa kuma su samu sauƙi, kowa ya koma harkarsa da zuciya ɗaya, tunda ai akwai likita a gida.

Idan kuma mace ce, abin ya ninka. Uwa ce a kwance, to wa zai yi mata wanka, wa zai canza mata zani? 'Yarta. Ko da tana da yayye maza biyar, kowanne da matarsa. Sai ka ji ana cewa, ai karatun mace ba dole ba ne, ta dawo ta kula da uwarta, in Allah ya yi ta koma. Mu ɗin nan ne kuma gobe za mu kai matanmu awo ko haihuwa mu ce mu likita mace muke so. Daga ina za ta fito?

Zan ba ku labarin yara biyu daga wannan yanki namu, ba zan kama suna ba, ba zan faɗi makaranta ba.

Na farko namiji ne, yana aji uku lokacin da ƙodar mahaifinsa ta samu matsala. Shi ne ɗan boko a gidan, don haka shi ke raka uban wanki duk mako. Bai gaya wa kowa a makaranta ba. Ya ce da ni kunya yake ji a ce yana neman uzuri, kuma yana tsoron a gida a ce karatu ya fi masa ubansa. Yana zaune a bakin ɗakin wanki da littafi a cinya, idonsa na kan shafi amma kunnensa na ciki. Ya rasa darussa, ya rasa gwaje-gwaje, babbar jarrabawa ta zo ya faɗi, ya sake ya faɗi. Lokacin da malamansa suka san abin da ke faruwa, ƙa'ida ta riga ta hau kansa. An mayar da shi wani fannin. Ya gama, yana rayuwarsa, alhamdulillahi. Mahaifin kuma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma har yau idan ana hirar asibiti sai ka ga ya yi shiru. Kuma yana da yayye uku da za su iya shiga mota su raka uban nan. Ba mugunta ce ta hana su ba, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ku ma aikinku ne.

Ta biyu mace ce, tana aji huɗu mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki. Nan ma an fara cewa ta dawo gida. Sai wani kawunta, manomi ne, ko firamare bai gama ba, ya tara 'ya'yan gidan da matansu bayan sallar isha'i. Ya ce shekara huɗu ana sayar da gero da gyaɗa ana tura yarinyar nan makaranta, yanzu saura biyu za a zubar? Ya raba kwana: wance Asabar da Lahadi, wance Litinin da Talata, haka har mako ya zagayo. Ya ce wane kai ne mai kai ta asibiti, wane kai da kake Legas kuɗin magani naka ne duk ƙarshen wata. Ita kuma ɗalibar ta rubuta wa makaranta takarda, ta haɗa da shaidar asibiti, aka dakatar mata da karatu na shekara guda a hukumance, lokacin da ciwon ya fi tsanani. Ta zauna ta koya wa matan yayyenta yadda ake juya majinyaci, yadda ake ba shi abinci a zaune don kada ya shaƙe, yadda ake awon jini da na'ura a rubuta a littafi. Shekara ta cika ta koma. Tana zuwa ƙarshen mako idan ta samu sarari, kullum da daddare kuma sai ta kira an sa mata uwar a waya. Abokan karatunta sun riga ta gamawa da shekara ɗaya. Shi ke nan abin da ta rasa.

Ciwon duka mai nauyi ne, gidajen duka ba masu kuɗi ba ne. Bambancin, a gida ɗaya an zauna an raba aiki kuma an sanar da makaranta da wuri, a ɗayan an yi shiru.

Na san abin da wani zai ce yanzu. Zai ce, Malam, kana so ka koya wa yara su guje wa iyayensu ne? Wallahi a'a. Haƙƙin iyaye ba abin wasa ba ne, kuma babu digirin da ya kai albarkarsu. Amma mu tambayi malamanmu, haƙƙin nan a kan ɗa ɗaya yake ko a kan duk 'ya'ya? Wanda ke kasuwa da wanda ke gona da wanda ke aji, duk uwa ɗaya ta haife su. Sannan shi kansa ilimin likitanci, malamai irin su Imamu Gazali a cikin Ihya'u sun lissafa shi cikin farillan kifaya, wato idan al'umma ta rasa mai yin sa gaba ɗayanta ta shiga laifi. Ke nan yaron nan da ke aji wani nauyi yake sauke mana, mu duka. Kuma ku je ku tambayi iyayen da kansu. Yawancin waɗanda na zauna da su, abin da ya fi ciwon damunsu shi ne kada a ce saboda su yaro ya bar karatu. Wata tsohuwa ce ta ce da ni, da bakinta da ya karkace, ita dai ta ga ranar da za a rantsar da 'yarta ko da a kan keken guragu ne.

Ku kuma duba halin da ƙasar ke ciki. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma ba su wuce kimanin 55,000 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Waɗanda suka rage ɗin ma yawancinsu a manyan birane suke. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Ajingi kaɗai mazaɓu goma. Wa kuke tsammanin zai yarda ya zo ya zauna a irin garuruwanmu idan ba wanda cibiyarsa ke binne a nan ba? Duk ɗalibin likita ɗaya da muka bari ya zube a hanya, ba gidansu kaɗai ya yi asara ba.

To me za a yi? Bari in yi magana da kowa a inda yake.

Dangi, ku zauna tun ranar da likita ya ce ciwon nan na dogon lokaci ne. Kada ku jira sai kowa ya gaji an fara jin haushin juna. A rubuta wa zai kwana, wa zai kai asibiti, wa zai sayi magani. A sa ɗalibin a cikin rabon, amma a ba shi nasa a lokacin hutu da ƙarshen mako, a kuma ɗauke masa gaba ɗaya idan jarrabawa ta matso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sha faɗa, to a nan ake son a gani. A samu littafi guda a gidan, a riƙa rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, da awon jini, da ranar komawa asibiti, yadda duk wanda ya raka majinyaci zai iya miƙa wa likita. Ba sai mai Turanci ba, likitocinmu na Kano da Jigawa galibinsu Hausa suke yi da marasa lafiya. Kuma don Allah, maganin hawan jini da na sukari ba a daina shi don an ji sauƙi. Da yawa daga shanyewar jikin da muke gani daga nan take farawa. Idan abin da asibitin Gaya ko na kusa da ku zai iya yi ne, kamar awo da karɓar magani, ku roƙi likitan Kano ya rubuta muku takarda ku riƙa yi a kusa, a rage zirga-zirga.

Kai kuma ɗalibi, ƙanena, ke ma ƙanwata, ku buɗe baki. Akwai malamin da ke kula da ajinku, akwai ofishin shugaban tsangaya, akwai na harkokin ɗalibai. Ku je tun kafin jarrabawa, a rubuce, da takardar asibiti a hannu, ku kuma ajiye kwafi. Jami'o'i suna da tsarin dakatar da karatu na ɗan lokaci saboda uzuri mai ƙarfi, amma sai an nema kafin a ɓace, ba bayan an ɓace ba. Wanda ya nemi izini ya tafi, gurbinsa na jiransa. Wanda ya tafi shiru, faɗuwa za a rubuta masa. Ku gaya wa abokai biyu ko uku da kuka amince da su, su riƙa riƙe muku abin da ya wuce ku. Idan aka tambaye ku abin da ba ku kai ba a gida, ku ce ba a koya mana ba tukuna, mu je wurin likita. Wannan ba gazawa ba ce, shi ne ma farkon zama likitan kirki. Kuma idan barci ya ƙaurace muku, abinci ya fita ranku, kuka ga kuna kuka ba dalili, ku nemi wanda za ku gaya wa. Mai jinya ma yakan kwanta.

Maganar kuɗi kuma, tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND. Babu kuɗin ruwa a ciki, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, suna ba ɗalibi naira 20,000 duk wata idan ya nema, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ba zai ɗauke komai ba, amma zai hana a tsaya ana zaɓi tsakanin kuɗin rajista da kuɗin maganin Baba. A ɓangaren majinyaci, akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, da ke da tsarin rajistar masu ƙaramin ƙarfi. Ku je asibitin mazaɓarku ku tambaya ko majinyacinku ya cancanta, da abin da tsarin ya ƙunsa.

Sai mu matasa da shugabanninmu. Ɗaliban likitanci da na jinya da na haɗa magunguna 'yan asalin Ajingi ba su da yawan da za a ce ba a san su ba. Kansila ya san su, dagaci ya san su, shugaban ƙaramar hukuma idan ya so cikin kwana biyu zai samu sunayensu. A 2023 gwamnatin jiha ta biya wa ɗaliban Bayero 'yan Kano 7,000 kuɗin makaranta lokacin da aka yi ƙari, don haka mun san idan an ga dama ana iyawa. Abin da muke nema a matakinmu bai kai haka ba: a san wane ɗalibi ne ke da majinyaci a gida, a taimaka da mota ranar zuwa asibiti, a sa gidan a gaba idan ana rabon zakka ko tallafi. Mu kuma da muke tara kuɗi mu sayi rigunan ƙwallo, mu yi ankon biki, za mu iya ware wani abu. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafa. Ka je ka zauna da tsohon nan yini ɗaya, ka ce wa ɗansa je ka yi karatunka, yau ni ne a nan.

Kafin mako mai zuwa ina roƙon kowa abu ɗaya. Ka duba unguwarku. Idan akwai gidan da ake jinya kuma akwai ɗalibi a ciki, ko ba na likitanci ba ne, ka je ka gaishe su, ka tambayi babban gidan yadda aka raba aikin. Idan ba a raba ba, ka ba da shawara a zauna. Wanda kuma yake cikin wannan hali yana son a haɗa shi da wanda zai taya shi rubuta takardar makaranta ko cike fom ɗin lamuni, ya aiko mana saƙo, ba za mu faɗi sunansa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu. Masu jinya Allah ya ba su lada da juriya, ɗalibanmu kuma Allah ya sa su gama lafiya su dawo su amfane mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.